Wa Ya Zuba Zaiba a Gulbi? Yadda Masana Ke Bin Sawun Guba a Cikin Laka

Matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri, in ya wuce Aliero ya shiga Jega, ba zai kai Maiyama ba sai ya haye Gulbin Zamfara, wanda wasu ke kira Gulbin Gindi. Da rani gulbin nan yakan janye ya bar yashi da kududdufai nan da can. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, ruwansa ya yi ja wur saboda laka, ya malala cikin fadamu. Wannan laka na cikin manyan arzikin ƙasar Jega. A kanta ake noman shinkafa, a gefenta ake lambu, a ruwan da ke kwance bisanta kuma masunta ke neman abincinsu. Ko mutumin da gonarsa ke kan tudu, a Katanga yake ko a Kimba ko a ƙauyukan Aliero da Maiyama, da wuya mako ya wuce bai ci wani abu da ya fito daga fadamar nan ba, domin kasuwar Jega na raba shi ko'ina.

To, amma laka ba a nan ake yin ta ba, kawo ta ake yi. Kafin ruwan ya iso Jega ya riga ya ratso ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi a Jihar Zamfara, ya kwaso abin da ya tarar. Ruwan saman da ya zuba a waɗannan ƙasashe, wani Gulbin Zamfara ke ɗauke shi, wani kuma Gulbin Ka, kuma duka biyun a Jihar Kebbi suke juye kayansu cikin Gulbin Sakkwato, shi kuma ya miƙa wa Kogin Kwara. Mai karatu ya san abin da sunayen Anka da Bukkuyum ke tunatarwa. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin Bagega.

Dalma ce ta yi kisan, don haka ita ta cika kunnen duniya. Sai dai akwai ƙarfe na biyu a cikin wannan labari wanda ba a cika ambato ba. Dalma a cikin dutsen take tun asali; shi kuwa na biyun masu haƙa ne ke sayo shi da kuɗinsu su zuba. Wannan ƙarfe shi ne zaiba. Masana na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka da suka auna ƙasar ƙauyukan sun bayyana a 2013 cewa bayan dalma sun tarar da zaiba mai yawa a wuraren da ake sarrafa dutsen.

Zaiba da Aikin Zinariya

Zaiba ƙarfe ne mai ban mamaki. Yana ƙyalli kamar azurfa amma yana gudu kamar ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 39 ƙasa da sifiri, kuma nauyinsa ya ninka na ruwa sau 13 da rabi, har ma in aka jefa ƙusa a cikinsa sai ta taso sama. Ɗalibai sun san shi a cikin tsohon ma'aunin zafi na ɗakin gwaje-gwaje, alamarsa kuma a littafin kimiyya ita ce Hg. Abin da ya sa masu haƙar zinariya ke son sa shi ne yana kama zinariya ya bar yashi. Bayan an niƙe dutse an wanke garin, sai a ɗiga zaiba a cikin kwano a cuɗa da hannu. Ƙananan ɓarɓashin zinariyar da ido ba ya iya tsincewa sai su manne masa. A matse a ƙyalle, a sami ɗan curi mai launin toka, sa'an nan a ƙona shi a wuta. Zaiba ya tashi ya bi iska, zinariya ta saura.

Hanya ce mai sauƙi da araha, shi ya sa ta yaɗu duk inda talaka ke neman zinariya, musamman tun da farashinta ya haura dala 1,000 kowane oza a 2008. Amma a kowane giram na zinariya da aka samu ta wannan hanya, akan yi asarar zaiba fiye da giram guda. Wani ya tafi cikin hayaƙi, mai ƙonawa da iyalinsa su shaƙa, saura ya sauka kan ƙasa da ganyaye. Wani kuma ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo cikin dusar dutsen da aka zubar, ya jira ruwan damina. Rahoton 2018 na Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2015 ayyukan ɗan Adam sun saki zaiba kimanin tan 2,220 cikin iska, kuma kusan kashi 38 cikin ɗari daga ƙananan masu haƙar zinariya ya fito, ya ɗara na ƙona kwal nesa ba kusa ba.

Haɗarin da ya shafi mutumin Jega ba hayaƙin ba ne, domin yana nesa da shi. Haɗarinsa a ƙarƙashin ruwa yake. A cikin taɓo mai ɗoyi inda iska ba ta shiga, akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke juya zaiba ya koma wani sinadari da ake kira metil-zaiba. Masana biyu na ƙasar Suwidin, Jensen da Jernelöv, su suka tabbatar da haka a 1969. Metil-zaiba in ya shiga jikin mai rai ba ya saurin fita. Ƙwaro ya ci gansakuka, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, babba ya ci ƙarami, a kowane mataki gubar na ƙara taruwa. Saboda haka giwan ruwa da tsage da yauni, masu cin 'yan'uwansu kifaye, sukan fi karfasa ɗaukar ta, ko da a tafki ɗaya aka kamo su. A jikin mutum ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take nufa, kuma tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi.

Duniya ta koyi wannan darasi ne a garin Minamata na ƙasar Japan. Daga 1932 zuwa 1968 masana'antar Chisso ta yi ta zuba ruwan datti mai metil-zaiba cikin teku. Kyanwoyi suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa, sa'an nan masunta da 'ya'yansu suka soma rasa ji da gani da iya tafiya. A 1956 aka ba da rahoton cutar a hukumance, amma sai bayan shekara 12 gwamnati ta amince da musabbabinta. Mutum fiye da 2,000 aka tabbatar sun kamu. Shekarun nan 12 na gardama su ne abin lura a nan: kowa ya ga cuta, amma an daɗe ana musun inda ta fito. Da sunan garin aka kira yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka sa wa hannu a 2013, ta fara aiki a 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018.

Akwai wani abu kuma da ya kamata manoman Kebbi su sani. Gonar shinkafa da ruwa ke kwanciya a ciki ita ma taɓo ce marar iska. A lardin Guizhou na ƙasar Sin, inda aka daɗe ana haƙar zaiba, binciken da aka buga a 2010 ya nuna cewa ta shinkafa mutane suka fi samun metil-zaiba, ba ta kifi ba.

Auna Yawa Bai Isa Ba

A ce yau an ɗebi laka a gindin gadar Jega an kai ɗakin gwaji, an sami zaiba a ciki. Lalle za a samu, domin babu ƙasar da ba ta da ɗan kaɗan tun halittarta. A ce ma an sami fiye da ƙima. Me wannan ya tabbatar? Mai haƙar zinariya zai ce ba nasa ba ne, tsakaninsa da Jega tafiya ce mai nisa. Kuma ba lalle ƙarya yake yi ba. Ƙasar gona da ruwa ke zaizayewa tana ɗauke da zaiban da ganyaye suka tara shekaru aru-aru. Ƙonen daji na sakin wani. Iska na kawo wani daga masana'antun siminti da tashoshin kwal na ƙasashe masu nisa, domin tururin zaiba kan yi watanni yana yawo a sama kafin ya sauka. Juji na gari ma na da nasa kason: tsofaffin batura, fasassun dogayen ƙwayayen lantarki, da wasu mayukan bilicin.

Ma'aunin yawa yana faɗin nawa ne, amma ba ya faɗin na wane ne. Ga hukuma kuwa tambaya ta biyu ita ce mai amfani, domin maganin zaizayar ƙasa daban, maganin dusar zinariya daban. A nan ne aisotof ke shigowa.

Mene ne Aisotof?

Kowane sinadari an gina shi da ƙwayoyin zarra, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya mai ɗauke da furoton da nitiron. Yawan furoton shi ne sunan sinadari. Duk ƙwayar da ke da furoton 80 zaiba ce, ba makawa. Amma yawan nitiron na iya bambanta, kuma shi ke sa wata ƙwaya ta ɗan fi wata nauyi alhali halinsu ɗaya. Irin waɗannan 'yan uwa ɗaya uba ɗaya masu bambancin nauyi su ake kira aisotof, sunan da masanin Ingila Frederick Soddy ya shigo da shi a 1913. Wasu aisotof ba su da natsuwa, sukan farfashe su fitar da haske mai lahani. Wasu kuwa tabbatattu ne, yadda suke jiya haka suke yau, haka za su kasance bayan shekara miliyan. Da waɗannan tabbatattun muke magana.

Zaiba na da tabbatattun aisotof 7, ana kiran kowanne da lambar nauyinsa: 196, 198, 199, 200, 201, 202 da 204. A cikin kowace ƙwaya 100 ta zaiba, kusan 30 masu lamba 202 ne, 23 masu 200, 17 masu 199, 13 masu 201, 10 masu 198, 7 masu 204, mai 196 kuwa bai kai ko ɗaya ba. Da wannan rabo bai taɓa motsi ba, da ba shi da amfani gare mu. Amma yana motsi, kaɗan ƙwarai. Matar da ke sheƙar hatsi ta san iska ta fi ɗaukar marar nauyi. Haka in zaiba na tashi ya zama tururi, marasa nauyi kan ɗan riga masu nauyi tashi, tururin ya fi sauƙi, abin da ya saura ya fi nauyi. Tun a 1920 masana biyu a birnin Kofanhegan, Brønsted da Hevesy, suka nuna haka ta hanyar tururar da zaiba. Duk wani hali da zaiba ya shiga, ƙonawa ce, narkewa ce, mannewa ga laka ce ko shiga ganye, yana barin ɗan tabo a wannan rabo. Zaiban da ya bi wata hanya dabam sai ya fito da tabo dabam, kamar yadda a da ake gane Bakabe da Bazamfare da Bagobiri ta askar fuskarsu tun ba su buɗe baki ba.

Matsalar ita ce ƙanƙantar bambancin. Ba da kashi cikin ɗari ake lissafa shi ba, da kashi cikin dubu. Shekaru da dama ba a da na'urar da za ta iya ganin sa a cikin ɗan zaiban da ke laka. Sai a farkon shekarun 1990 aka ƙera na'urar da ake taƙaita sunanta da MC-ICP-MS. Tana shigar da samfur cikin harshen iskar gas mai zafin dubban digiri, ta fizgo ƙwayoyin ta wuce da su ta gaban babban maganaɗisu. Marasa nauyi su fi lanƙwasa, masu nauyi su ɗan miƙe, kowane jinsi ya faɗa nasa kofin a lokaci guda a ƙidaya shi. Da ita ana iya rarrabe bambancin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma ba.

Alamu Biyu

Alama ta farko ita ce wadda muka bayyana, ta nauyi. Ana auna yawan mai 202 a kan mai 198, a gwada da wani ruwan zaiba na musamman da dukan ɗakunan gwaji na duniya suka yarda ya zama ma'auni, mai lamba NIST 3133, a rubuta sakamakon da ƙaramin harafin Girkanci haka: δ202Hg. In lambar ta faɗo ƙasa da sifiri, samfurin ya fi ma'aunin sauƙi ke nan.

Alama ta biyu ta fi ban sha'awa, kuma ita ta ɗaukaka zaiba a kan sauran ƙarafa a wannan fanni. A 2007 Bridget Bergquist da Joel Blum na Jami'ar Mishigan a Amurka suka shanya ruwa mai zaiba a rana, suka ga abin da lissafin nauyi bai yi hasashe ba. Aisotof biyu masu lambar mara, wato 199 da 201, sun ƙi bin layi. Dalili kuwa shi ne cibiyoyinsu na da ɗan maganaɗisu wanda masu lambar cika ba su da shi, kuma wannan na tasiri sa'ad da hasken rana ke kwance zaiba daga abin da ya riƙe shi a cikin ruwa. Sai su fi yawa a cikin abin da ya saura a ruwa, su yi ƙaranci a cikin tururin da ya tashi. Wannan kaucewa ita ake rubutawa da babban harafi: Δ199Hg. Amfaninta shi ne ƙonawa da niƙa da aikin bakteriya kusan ba sa taɓa ta. Tambarin rana ne, kuma in ya hau ba ya gogewa da sauƙi.

Yanzu a haɗa biyun a ga abin da za su ba mu. Zaiban da mai haƙa ya sayo a kwalba daga cikin dutse aka tatso shi, bai taɓa yawo tsakanin ruwa da rana ba, don haka alamarsa ta biyu na kusa da sifiri, ta farko kuma ba ta yi nisa ƙasa da sifiri ba. Zaiban ƙasar daji kuwa ya sha yawo. Ya tashi daga ruwa da ƙarancin 199, ganye ya zuƙe shi yana fifita marasa nauyi, ganyen ya faɗi ya ruɓe ya zama ƙasa. Shi ya sa a ƙasashe masu zafi akan sami alamunsa duka biyu a ƙasa da sifiri, ta farkon ma takan kai wajen −2. Kifi kuwa alamarsa ta biyu sama da sifiri take, shaidar cewa rana ta riga ta farfasa wani kaso na metil-zaiban kafin ya shiga bakinsa.

Lissafin da ya rage ɗan aji uku na sakandare zai iya shi. In aka gauraya ruwa mai zafin digiri 80 da mai digiri 20 aka sami 56, kowa zai iya gano cewa kashi 60 cikin ɗari mai zafin ne. To, a ƙaddara, don misali kawai, an auna ƙasar da ba ta taɓa ganin aikin zinariya ba an sami −2.0, an auna dusar wurin wanki an sami −0.5, laka ta wani wuri a gulbi kuma ta ba da −1.1. Tazarar da ke tsakanin tushen biyu 1.5 ce. Lakar ta matsa 0.9 daga wajen ƙasa zuwa wajen dusa. In aka raba 0.9 da 1.5 za a sami 0.6, wato kashi 60 cikin ɗari na zaiban wannan laka daga wurin wanki ya zo. In tushen uku ne, sai a kira alama ta biyu ta raba gardama.

Abin da Aka Gani a Wasu Koguna

A garin Idrija na ƙasar Sulobeniya an yi shekara 500 ana haƙar zaiba, tun wajen 1490 har zuwa 1995. A 2009 Delphine Foucher da abokan aikinta suka bi lakar kogin da ya ratsa garin har inda ruwansa ya faɗa teku a mashigin Trieste. Sun tarar da askar Idrija ɓaro-ɓaro a lakar bakin kogin, tana dusashewa sannu a hankali yayin da aka nausa kudu cikin teku. A mashigin San Faransisko na Amurka tushe biyu ne ke gasa: tsohuwar mahaƙar zaiba ta New Almaden daga kudu, da ragowar zaiban da masu neman zinariya suka zubar a duwatsun Sierra Nevada tun rububin 1849, wanda koguna ke kawowa ta arewa. Binciken 2011 ya nuna alamar nauyi na sauka a jere daga wajen −0.3 a kudu zuwa wajen −1.0 a arewa. Abin tsoro a nan shi ne shekarun: masu haƙar sun mutu tuntuni, jikokinsu ma sun mutu, zaibansu na nan yana gangarowa.

Misalai biyu daga Kudancin Amurka sun fi kusa da halin da muke ciki, kuma sun saɓa wa juna. A ƙasar Ikwado, garuruwan Portovelo da Zaruma cike suke da ƙananan injinan sarrafa zinariya. Binciken da aka buga a 2018 ya bi tambarin zaibansu a lakar Kogin Puyango-Tumbes tafiyar fiye da kilomita 100, a kogin da ke ƙetare iyaka ya shiga ƙasar Peru. Nisa bai wanke su ba. Amma a jihar Amapá ta Barazil, a wannan shekara dai, wani binciken ya sami akasin haka. Zaiban da ya ƙaru a ƙasan wuraren haƙa ya fi kama da na ƙasar daji, ba na kwalba ba. Sare itatuwa da tone ƙasa su suka kwance tsohon zaiban da ke ɗaure, ruwa ya kwashe. Masu haƙa na da hannu har yanzu, amma hannun na riƙe da shebur ne ba kwalba ba, kuma hana sayar da zaiba kaɗai ba zai tsarkake wannan kogi ba. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa hanyar ta cancanci kuɗin da ake kashe mata: tana iya ƙaryata wanda ya yi ta.

A nan Afirka ta Yamma ma an gwada ta, a kan gashi maimakon laka. An saba ɗauka cewa zaiban da aka samu a gashin mutum daga cin kifi yake. A 2015 Laura Sherman da abokan aikinta suka auna gashin masu haƙar zinariya a arewacin Gana, suka ga alamar rana ta yi ƙasa ƙwarai da yadda za ta kasance in da kifi ne tushen. Galibinsa tururin ƙona curi ne ya manne wa gashin. Shawarar da likita zai ba irin wannan mutum ba ta barin kifi ba ce, ta barin hayaƙi ce.

In Za a Yi a Gulbin Zamfara

Aikin ba daga Jega zai fara ba, daga tushe zai fara, domin ba a gane ɗa ta aska sai an san askar gidansu. Ana bukatar samfurin zaiban da ake sayarwa a wuraren haƙa, da dusar wurin wanki, da ƙasar tudu daga wuraren da ba a taɓa aikin zinariya ba, da lakar wani rafi da ke sama da duk wata mahaƙa. Wannan shi ne sashe mafi wuya, ba don kimiyya ba sai don rashin tsaro, wanda ya sa Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara daga Afrilun 2019 har zuwa Disamban 2024. Daga nan sai a gangaro, ana ɗiba a Anka, a Bukkuyum, a Gummi, a sama da garin Jega da kuma ƙasa da shi don a ware kason jujin gari, har zuwa mahaɗar gulbin da na Sakkwato. Yashi mai tsakuwa ba shi da amfani sosai. Zaiba ya fi manne wa laka mai laushi da ruɓaɓɓen ganye, irin wadda ke kwanciya a lungun da ruwa ke lafawa da kuma cikin fadama bayan ambaliya kamar ta 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi.

Tafkunan fadama na da wata fa'ida. Laka na kwanciya a cikinsu shekara bisa shekara kamar shafukan littafi. In aka kafa bututu aka zaro ta a tsaye aka yanka ƙanana-ƙanana, ta ƙasa ita ce tsohuwa. Ana sanin shekarun ne da taimakon aisotof marasa natsuwa: dalma mai lamba 210, wadda rabinta ke ƙarewa duk shekara 22, da siziyam mai lamba 137, wanda bai bazu a duniya ba sai da aka fara gwajin bam ɗin nukiliya, kuma ya fi zuba daga sama a 1963. Malaman tarihi za su tuna cewa Faransa ta fara irin wannan gwaji a Reggane cikin hamadar Aljeriya a Fabrairun 1960, har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a kansa a 1961. Ga shi ƙurar wancan zamani ta zama agogo a hannun masana. In alamun zaiba sun tsaya cik a tsofaffin shafuka, sa'an nan suka karkata zuwa na kwalba a shafukan bayan 2008, to shari'a ta kusa ƙarewa. In kuwa karkatar ta faro tun zamanin da aka tsananta sare daji, sai a nemi mai laifi a wani wuri.

Kada mai karatu ya ɗauka hanyar ba ta da rauni. Zaiban kwalba ba daga gida ɗaya yake ba. Tun da Tarayyar Turai ta hana fitar da shi a 2011, Amurka kuma a 2013, fataucinsa ya koma hannu da hannu, kuma abin da aka sayar bana na iya bambanta da na bara. Wani lokaci askar tushe biyu kan yi kama har a kasa raba su. Tafiyar kogi ita kanta na iya ɗan sauya alamar nauyi. Bugu da ƙari, gano tushen zaiban laka bai faɗi yawan metil-zaiban da ke cikin kifi ko shinkafa ba. Wannan sai an auna su kansu. Na'urar kuma tana da tsada, tana son wuta marar yankewa da ɗaki marar ƙura, shi ya sa akan aika samfur inda take.

Amma kaso mafi girma na aikin ba ya bukatar ta. Zaɓen wuri, ɗiba, rubuta rana da wuri daidai, tankaɗewa da auna yawan zaiba, duk ayyuka ne da ɗaliban kimiyyar sinadarai na jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko na Sakkwato da Birnin Kebbi za su iya, kuma daga sakamakon ne ake zaɓen 'yan samfuran da suka cancanci tafiya. Ƙa'idodin ba su da yawa. A sa safar hannu, a yi amfani da cokalin roba mai tsabta ba na ƙarfe ba, a ɗebi santimita biyu ko uku na sama, a rufe a kwalbar gilashi. Kada a shanya a rana, kada kuma a kusanta da wuta, domin zafi zai kori marasa nauyi ya ɓata alamar da ake nema. A sanyaya, ko a busar a inuwa. Lakar da aka adana haka tana shekaru ba ta sauya ba. Kwalbar da aka cika a fadamar Jega bana, aka rubuta mata kwanan wata da sunan wuri, da ita za a gwada wadda za a ɗebo a wuri ɗaya bayan shekara goma.